Allurar Barci da Aikin Bututun Matsarmama: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sa Hannu



A garinmu Kutemeshi, da sauran garuruwan gabashin Birnin Gwari irin su Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, in idon mutum ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a nemo saiwa da sassaƙe a jiƙa masa. Wata shawarar takan wuce da kanta bayan 'yan makonni. Amma akwai wadda toshewar bututu ce a cikin ciki, kuma ba jiƙon da zai buɗe ta. In an yi sa'a an kai mai ita asibiti, aka ce za a yi masa aiki da allurar barci, nan kuma wani sabon tsoro ke tasowa. Sai ka ji dattijo ya ce, "Ai barci ƙanin mutuwa ne, wa ya san ko zai farka?" Da yawa daga nan ake naɗe tabarma a koma gida.

Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na difloma a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ba likita ba ne. Abin da zan kawo na tattaro shi ne daga karatu, da zaman koyon aiki da na yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, da kuma jinyar kawuna da na yi bara. Dalilin rubutun kuwa shi ne, mu da muka zo makaranta mu ake kira in takardar asibiti ta fito. Kai za a miƙa wa biro a ce ka karanta ka sa hannu. To gara ka san abin da kake sa wa hannu.

Ina ne bututun, kuma me ke toshe shi?

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake lallaɓawa kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Hanta ce ke samar da wannan ruwa mai ɗaci, kusan rabin lita ko fiye a kowace rana, matsarmama kuma ta adana shi. In mutum ya ci abinci mai maiƙo, ruwan yakan bi wani siririn bututu ya zuba a farkon ƙaramin hanji don ya taimaka wajen narkar da kitse. Faɗin bututun nan bai wuce milimita 6 ba a yawancin mutane, wato bai kai kaurin biro ba.

Abu ƙarami ya isa ya toshe shi. Wani lokaci tsakuwa ce ta fito daga matsarmama ta maƙale. Wani lokaci tabo ne ya tsuke shi, wani lokaci kuma ciwon daji ne a kan wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Masu sikila sun fi kowa samun tsakuwar tun suna matasa, saboda ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, kuma kun san Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta.

In bututun ya toshe, ruwan sai ya koma cikin jini. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi har mutum ya kasa barci. In zazzaɓi mai rawar sanyi ya biyo baya, to ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan da ya taru, kuma wannan na iya kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Gwajin jini da sikanin ciki su ke bambance wannan da shawarar ciwon hanta. Daga wajenmu, babban asibitin Birnin Gwari ko na Funtuwa ake fara zuwa, daga nan a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Malam Aminu Kano a Kano.

Hanyoyi biyu na buɗe shi ba tare da an tsaga ciki ba

Hanya ta farko ta baki ake bi, kuma sunanta a takardun asibiti ERCP. Likita zai zura wata doguwar roba mai kaurin yatsa, mai kyamara a bakinta, ta maƙogwaro zuwa tumbi, har inda bututun ya haɗu da hanji. Zai zuba wani ruwa da ke fitowa a hoton eksire don ya ga inda toshewar take. In tsakuwa ce, sai ya ɗan tsaga bakin bututun ya jawo ta da wani ɗan kwando na waya. In tsukewa ce, sai ya sa ɗan bututun roba ko na ƙarfe ya bar shi a ciki don ruwa ya samu hanya. A 1968 William McCune da abokan aikinsa suka fara wannan aiki a Amurka, a 1974 kuma likitoci a Jamus da Japan suka fara tsaga bakin bututun ta wannan hanya. A Najeriya wuraren da ake yin sa ba su da yawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya fara shirinsa a 2018.

Hanya ta biyu ta fata ake bi. A soka siririyar allura ta gefen dama tsakanin haƙarƙari, ta ratsa hanta har ta samu bututun, sannan a sa roba da za ta riƙa fitar da ruwan zuwa jaka a waje. Ana yin haka in ta baki ta gagara.

Duka biyun ba a buɗe ciki, amma kada wannan ya sa ka ɗauka wasa ne. Aikin ta baki yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, mutum yana kwance rub da ciki ko a kan gefen hagu, ga roba a maƙogwaro, ga iska da ake hurawa cikin hanji. Motsi kaɗan a lokacin da ake tsagawa na iya jawo zubar jini ko huda hanji. Shi ya sa dole a kwantar da mutum, a kuma kashe masa zafi.

Barcin ma hawa-hawa ne

Abin da mutanenmu ke kira allurar barci ba abu ɗaya ba ne. Matakai ne, kamar matattakala.

Mataki na farko shi ne kashe zafi a wuri guda, mutum yana farke. Maganin da aka fi sani shi ne lidoken, irin wanda likitan haƙori ke yi wa dasashi. A aikin ta baki ana fesa shi a maƙogwaro don ya rage yunƙurin amai. A aikin ta fata ana yin allurarsa a fata da naman da ke ƙasa har zuwa fatar hanta. Shi kaɗai ba ya isa, domin lokacin da ake faɗaɗa hanyar da roba za ta bi cikin hanta akwai zafi sosai.

Mataki na biyu gyangyaɗi ne. Ana haɗa magani biyu ta jijiya: midazolam, wanda ke cire fargaba ya kuma sa mantuwa, da maganin zafi mai ƙarfi irin fentanil ko fetidin. Mutum yana numfashi da kansa, in an kira sunansa zai amsa, in an ce ya riƙe numfashi zai riƙe, amma bayan an gama da wuya ya tuna abin da ya faru. Wannan shi aka fi amfani da shi a aikin ta fata, tunda ana buƙatar majiyyaci ya bi umarni. Wani alherinsa shi ne kowanne daga cikin magungunan yana da makarinsa: fulumazenil na karya midazolam, nalokson kuma na karya fentanil da danginsa. Matsalarsa ita ce in aiki ya yi tsawo, wasu sukan fara mutsu-mutsu a tsakiya.

Mataki na uku barci ne mai nauyi, kuma sarkin wannan fage shi ne furofofol, wani farin ruwa mai kama da madara. John Glen, wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan, shi ya gano shi a shekarun 1970, aka fara amfani da shi a Birtaniya a 1986. Cikin ƙasa da minti ɗaya mutum ya yi barci, in an tsayar da shi kuma cikin 'yan mintoci ya farka garau, ba yawan tashin zuciya. Sai dai shi ba ya kashe zafi, dole a haɗa shi da wani. Yana saukar da hawan jini, yana iya tsayar da numfashi, kuma ba shi da makari. Wannan maganin ne ya kashe mawaƙin nan Michael Jackson a 2009, bayan likitansa ya ba shi a ɗakin kwanansa ba tare da kayan sa ido da suka kamata ba, kotu kuma ta sami likitan da laifi a 2011. Maganin nan kuwa ana ba miliyoyin mutane shi a asibitocin duniya kowace shekara suna tashi lafiya. Bambancin kawai akwai wanda ke tsaye a kansu.

Akwai kuma ketamin, wanda Calvin Stevens ya haɗa a Amurka a 1962. Shi ne gatan ƙananan asibitocinmu, domin yana kashe zafi sosai, ba ya saurin saukar da hawan jini, kuma galibi mutum na ci gaba da numfashi da kansa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Illarsa ita ce yana ƙara yawu, yana ɗaga hawan jini, kuma wasu in suna farkawa sukan yi gane-gane da sambatu. In kun taɓa jin wani ya fito daga tiyata yana surutai har dangi suka fara zancen iskokai, sau da yawa ketamin ne, kuma yana wucewa. Likitoci kan haɗa shi da furofofol ko midazolam don kowanne ya rage illar ɗan uwansa.

Mataki na ƙarshe shi ne cikakken barci irin na babbar tiyata. A nan ana sa roba a hanyar iska, na'ura ta riƙa yi wa mutum numfashi. Jin haka kan tsorata dangi, amma ga wasu majiyyata shi ne mafi aminci, domin robar na hana amai gangarawa cikin huhu. Ana zaɓarsa ga ƙananan yara, da mai ƙiba sosai, da mai minshari mai tsayar da numfashi, da wanda cikinsa ya cika da ruwa, da wanda zazzaɓin ya riga ya galabaita, da kuma aikin da ake ganin zai daɗe.

Wa ke tsaye a kanka?

Tsakanin gyangyaɗi da barci mai nauyi babu katanga. Adadin maganin da zai sa saurayi ɗan shekara 25 gyangyaɗi na iya tsayar da numfashin tsoho ɗan 70 wanda hantarsa ta gaji. Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan nan, ga shi kuma mai toshewar bututu hantarsa ce ke cikin wahala. Saboda haka ake ba da maganin kaɗan-kaɗan ana duba mutum.

Ƙa'ida ita ce a samu mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon majiyyaci: likitan barci ko nas da ta samu horo a kan haka. Likitan da ke riƙe da kyamara idonsa na kan allo, ba zai iya haɗa taura biyu a baki ba. Dole a maƙala wa majiyyaci 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, a riƙa auna hawan jini da bugun zuciya, a sa masa iskar oksijin ta hanci, a kuma ajiye na'urar zuƙe majina da kayan taimakon numfashi a kusa. Ga mai sikila wannan ya ƙara muhimmanci, domin ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ke tayar masa da ciwo. Shi akan sa masa ƙarin ruwa tun kafin a fara, a kuma lulluɓe shi.

A nan ne ƙasarmu ke da giɓi. Ƙungiyar likitocin barci ta duniya ta ce ya kamata a samu aƙalla likitan barci 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ba ta kai 1 ba. Wani babban rahoto da mujallar Lancet ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata da allurar barci masu aminci a lokacin da suke buƙata. Don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wane irin barci za a sa shi, kuma wa zai tsaya a kansa?" Matambayi ba ya ɓata.

Gaskiyar da likita ke buƙata daga gare ka

Wannan sashen namu ne, matasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga ciki kuma magungunan zafi ne irin su tiramadol da kodin. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. A ƙauye ma ba sabon abu ba ne ɗan ƙwadago ya haɗiyi tiramadol kafin ya shiga gona.

Tiramadol da kodin dangin fentanil ne. Jikin da ya saba da su ba ya jin adadin da ake ba kowa. Haka mai shan ƙwayar barci irin su dayazefam ba ya jin midazolam yadda ya kamata. In ka ɓoye, za a ba ka magani ka ƙi kwanciya, a ƙara, a sake ƙarawa, har a kai inda numfashi ke tsayawa.

Kawuna manomi ne, shekararsa 48, kuma tsakuwa ce ta toshe masa bututu. Da likitar barci ta zo duba shi ana gobe aiki, sai ta ce duk mu fita. Bayan ta tafi ya kira ni ya ce, "Ɗana, na gaya mata fa ina shan jar ƙwayar nan lokacin noma." Na ce, "Kawu, me ta ce?" Ya ce, "Godiya ta yi min, ta tambayi guda nawa a rana, ta rubuta." Saboda wannan magana ta sauya shiri, ta haɗa masa ketamin da furofofol. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da ya farka abin da ya fara tambaya shi ne yaushe za a fara.

Ban da ƙwaya, a faɗi jiƙe-jiƙen gargajiya da aka sha, domin wasunsu na taɓa hanta da ƙoda. A faɗi in akwai asma, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya ko juna biyu. A faɗi in ana shan asfirin ko maganin tsinka jini, in wani magani ya taɓa yi wa mutum illa, ko in wani a dangi ya taɓa samun matsala da allurar barci. Ko haƙori mai girgiɗi a faɗa.

Sai maganar azumin asibiti. Awa 6 ba abinci kafin aiki, ruwa zalla kuma a tsaya da shi awa 2 kafin lokaci, sai in likita ya faɗi wani abu daban. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne. Goggo mai tausayi da za ta ɓoye kofin kunu ta ba mara lafiya "don ya samu ƙarfi" tana iya jawo masa amai ya shiga huhu yana barci. Kai mai jinya, kai ne mai gadin wannan ƙofa.

A ɓangarenmu na ɗakin gwaji kuma akwai abin da ba a tsallakewa. In ruwan matsarmama bai isa hanji ba, jiki ba ya iya tsotsar bitamin K, kuma in babu shi jini ba ya saurin daskarewa. Shi ya sa ake gwajin daskarewar jini kafin a taɓa mutum, a yi masa allurar bitamin K in da buƙata. In an ce a biya kuɗin wannan gwaji, kada a ga kamar cin kuɗi ne.

Bayan an gama

Ciwon maƙogwaro da kumburin ciki na kwana ɗaya ba abin damuwa ba ne. Mai roba a gefe zai ji zafi a wurin, wani lokaci har kafaɗar dama, na 'yan kwanaki. Farasitamol kan isa, amma iya adadin da likita ya rubuta, tunda hanta ba ta gama murmurewa ba. Kada a sayo ibufurofen ko dikulofenak a kemis a ƙara ba da izini ba, musamman ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Matsalar da aka fi samu bayan aikin ta baki ita ce kumburin fankiriyas. Akwai rigakafi mai araha: a sa wa majiyyaci dikulofenak ko indometasin miligiram 100 ta dubura daf da aikin. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2012, a kan mutum 602 masu haɗarin kamuwa, ya nuna kumburin ya ragu daga kusan 17 cikin 100 zuwa 9 cikin 100. Na san mutanenmu da kunya, to a yi wa mara lafiya bayani tun da wuri don kada ya ƙi.

Har tsawon awa 24 bayan allurar barci ba tuƙin mota, ba hawa babur, ba cinikin da ke buƙatar lissafi, ko da mutum ya ce ya warware. In ciwon ciki mai tsanani ya taso yana ratsawa har baya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, a koma asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Wannan ya kawo ni ga shawara ta musamman ga 'yan yankinmu. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, zirga-zirga ta yi sauƙi a kan shekarun da hanya ta gagari kowa. Duk da haka nisa bai ragu ba, kuma ba wanda ke son bin dajin nan da dare da mara lafiya a bayan mota. Kumburin fankiriyas galibi cikin awannin farko zuwa kwana ɗaya yake bayyana. Saboda haka ko an sallame ku ranar, ku nemi gidan ɗan uwa kusa da asibiti ku kwana ɗaya ko biyu. A sa kuɗin wannan masauki cikin lissafi tun daga gida, tare da na mota da na magani.

Tambayoyi biyar da za ka rubuta a bayan katin asibiti

Wane mataki na barci za a yi masa, kuma me ya sa aka zaɓe shi? Wa zai kula da numfashinsa har a gama? Ƙarfe nawa zai daina ci da sha? An yi gwajin daskarewar jini? In matsala ta taso bayan sallama, ina za mu zo, wa za mu nema?

In hutu ya zo kuka koma gida, ku duba idon tsofaffinku da ƙannenku masu sikila a hasken rana. In kun ga ɗorawa tare da baƙin fitsari da ƙaiƙayi, a tafi sikanin a makon nan, kada a jira a ga ƙarshen jiƙo. In kuma aka zo maganar allurar barci, ku zauna da dattawa ku warware musu yadda abin yake da harshen da za su gane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, mu kuma 'yan ajin ƙarshe Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.